Lemun Tsami a Kan Lamba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma shekarar da agana ta shigo arewacin Togo ba zan manta da ita ba. Lokacin Faransa ke riƙe da ƙasar, ana ta jayayya tsakanin masu son Nasara ya tafi da masu cewa ya dakata tukuna. Ni ina ɗinki a zangon Sokode, yayana kuwa mahauci ne, yana sayo shanu a Dapaong.

Da kumandan Faransa na yankin ya sa aka yi shela kowa ya fito a yi masa lambar rigakafi, sai magana ta tashi a kasuwa, wai Nasara ya zuba wani abu a maganin don ya kashe haihuwar masu ƙinsa. Ba halin ƙin fita, don ana duba dantse a shingen hanya. Sai mutane suka samo dabara: a tsaga maka fata, ka zaga bayan rumfa ka matse lemun tsami a wurin, ka goge da toka. Tabo ya fito, magani bai kama ba.

Na rasa wacce zan fi tsoro, lambar ko cutar. Da na tuna an taɓa yi mana a lakwal, wato makarantar boko, ba abin da ya same mu, sai na bar tawa ta kumbura, ina ta dubanta.

Hankalina yana kan 'yar yayana da ke wurin kakarta a Dapaong, don haka na bi Yaya can. Na tarar labarin ya juya. Wai 'yan kudu masu ƙin Nasara ne suka lalata maganin a hanya, don su rage mutanen arewa kafin zaɓe. Ɓangarori biyu ko gaisawa ba sa yi, amma kowa da lemunsa a aljihu.

Na roƙi Yaya ya bar ta yarinyar ta kama. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan lakwal, Sokode sun faɗa, Dapaong sun faɗa. Ka taɓa ganin maƙiya sun haɗu a kan ƙarya?"

Kakar ce ta goge mata, a hankali, tana lallashinta.

Kafin damina agana ta kama yarinyar. Ta tashi, amma idanun sun tafi. Masu jawabi a kasuwa kowa ya ɗora wa ɗayan ɓangaren laifi. Yaya dai bai ƙara zama wurinsu ba.

A nan na koyi cewa yawan masu faɗin magana ba shaida ba ne. Har yau in aka kawo mini labarin cuta, nakan fara tambaya: in ƙarya ce, a jikin wa za ta ƙare?