Ƙarfen da Ke Idon Sabo

Litinin: daga Panshekara zuwa Landan

Mun bar gida a Panshekara ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba, ni da ƙanena Sabo. Ni ke kula da sashen gyaran injuna a wata masaƙa a Challawa, shi kuma mai walda ne a ƙarƙashina. Ciwon zuciya ya kama shi, har ba ya hawan matakala sai ya huta. Likitan Kano ya ce hoton da ya ɗauka bai fito sosai ba, ruwan da ake ɗurawa a jijiya don a ga zuciya kuwa ƙodar Sabo ba za ta ɗauka ba. Abin da ya rage shi ne wani sabon inji mai maganaɗisu a Landan, wanda ke nuna zuciya tana bugawa, a auna jinin da take turawa, sannan a san ko za a yi aiki. Mai masaƙa ya ɗauki nauyin tafiyar, aka haɗa Sabo da ni saboda ɗan Turancina.

Direban kamfani, Malam Iro, ya ce, "Sabo, in an sa maka sabuwar zuciya ka kawo mini tsohuwar, ta motar nan ta gaji."

Sabo ya ce, "Taka motar ai sai addu'a, ta wuce walda."

Shinge ɗaya muka tarar kafin filin jirgi. Ɗan sanda ya duba fasfo, ya ce Allah ya ba da lafiya. Jirgi ya tashi takwas da rabi, muka yi awa shida a sama. Alhaji Ɗanlami, mutumin Hotoro da ya daɗe a can, shi ya tarbe mu. Ɗakin da ya ba mu yana bene, matakala goma sha tara. Sabo ya huta sau uku. Muka ci burodi da ƙwai, muka sha shayi.

Talata: asibiti

Mun isa tara saura minti goma. Wata nas ta sa Sabo ya cire agogo, zobe da makullai, ta kawo takardar tambayoyi. Ina karantawa ina fassara masa ɗaya bayan ɗaya. Ta bakwai ta ce: ƙarfe ya taɓa shiga idonka?

Shekara tara kafin nan, Sabo yana gurza wani ƙarfe ba tabarau, ɓarɓashi ya faɗa masa ido na hagu. Ya zo yana hawaye, ya nemi izinin zuwa asibiti. Injuna uku na tsaye, kuma ba na so a ce ina fifita ɗan uwana. Na ce ya wanke da ruwa ya koma bakin aiki. Ya koma. Bayan sati jan ya washe, muka bar maganar.

Na karanta masa tambayar. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce, "A'a, Yaya." Ba mantawa ya yi ba, ba zai kunyata wansa a gaban baƙi ba ne. Ni kuma na rubuta a'a da hannuna.

Aka manna masa wayoyi uku a ƙirji, don injin ya riƙa ɗaukar hoto daidai da bugun zuciya. A bakin ƙofar ɗakin injin nas ta ɗaga wani makulli ɗaure da igiya don ta nuna mana ƙarfin abin. Makullin ya miƙe a iska yana neman ƙwacewa ya shiga ramin injin. Na ce su tsaya.

Sabo ya ce, "Yaya, ku bari. Mun yi nisa da gida."

Na ce, "Yi mini shiru." Na gaya wa likita komai.

Aka ɗauki hoton ƙashin fuska. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi likita ya nuna mana ɗigo fari, bai kai ƙwayar gero ba, can cikin idon. Ya ce da Sabo ya shiga, injin zai iya jan ƙarfen ya tsiyayar da idon. Cire shi kuma sai an sa shi barci, zuciyarsa ba za ta jure ba. Ya ƙara da cewa da a ranar da ƙarfen ya shiga aka je asibiti, aikin minti kaɗan ne. Wannan ban fassara ba, amma Sabo ya gane.

Laraba da Alhamis

Aka sake irin hoton da aka yi a Kano, ya fito dishi-dishi kamar wancan. Likitoci suka ce ba za su buɗe ƙirji a kan zato ba. Suka rubuta ƙwayoyi iri huɗu, suka hana shi gishiri da aikin ƙarfi. Alhaji ya so ya kai mu ganin gari, na ce ba yawo ya kawo mu ba. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa, Sabo ya ci loma biyar.

Juma'a: komawa gida

Mun sauka Kano biyar da minti ashirin na yamma. Malam Iro ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskokinmu ya fasa. Mun shiga gida ana kiran magariba. Inna tana kan tabarma, ko ruwa ba mu sha ba ta ce, "To, me injin ya ce?"

Sabo ya ce, "Inna, layi ne ya yi yawa, bai zo kanmu ba."

Na ce, "Ba haka aka yi ba, Inna." Na durƙusa na faɗa mata daga farko har ƙarshe. Da na gama, ta ce a kawo wa Sabo ruwa.

Ina godiya ga Allah da ya dawo da mu, da mai masaƙa, da Alhaji Ɗanlami da iyalinsa, da nas ɗin da ta ɗaga makulli. Sabo ya ajiye walda, yana wuni a zaure. Idon yana gani garau. Zuciyar ce har yau ba wanda ya san iyakar ciwonta.