Saurin Hannun Usaini

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Doha ya san Injiniya Usaini, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne mai tumbin nan da ke tsayawa a bakin masallaci bayan Juma'a yana tambayar baƙi daga wane gari suke, kuma shi ake kira idan mutum biyu sun saɓa a ɗakunan haya na unguwar Najma. Aikinsa kula da manyan injinan da ke sanyaya gine-gine. Mutane kan ce ba su taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba. Matarsa Atine idan ta ji wannan yabo sai ta yi murmushi, ta ci gaba da zuba wa baƙi shayi.

Ita ta san abin da ba su sani ba. Usaini ɗan wani tela ne a Gusau, Malam Iliasu, mutumin da ba ya tambayar yaro me ya yi sai bayan kunnen yaron ya daina ƙara. Abu biyu Usaini ya gada wurinsa ya haye jirgi da su: saurin hannu, da kunyar 'yar fari. Tun da aka haifi Ikhlas bai taɓa kiran sunanta ba. “Ke” yake cewa, ko “yarinyar nan”. Yana son ta kamar ransa, amma a ganinsa faɗin haka aikin 'yan zamani ne.

Sai ga korona. Aka kulle gari, makaranta ta koma cikin kwamfuta, ofis ma haka, mutum huɗu, shi da Atine da Ikhlas da ƙaninta, suka cushe a gidan bene mai ɗaki biyu a unguwar Ain Khaled. Wata hantsi Usaini yana mitin da manyansa, ana zancen waɗanda za a sallama daga aiki, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin ɗakin. Ikhlas, lokacin tana 'yar shekara tara, ta shigo da gudu tana son ya ga wani zane da malamarta ta yaba. Ƙafarta ta harɗe waya, kofin shayi ya kife a kan teburin. Kafin ya san me yake yi, hannu ya riga ya tafi ya dawo. Yarinyar ta faɗa jikin kujera, ba ta ma yi kuka ba.

Da ya waiwayo sai ya ga ƙaramar fitilar kyamara a kunne. Fuskoki ne jere a allo, Ba'indiye, Bafilifine, da wata Baturiya da ta rufe baki da hannu. Babban nasu ya yi gyaran murya ya ce a ci gaba gobe.

Ba a kore shi ba, ba kuma wanda ya ƙara tayar da maganar, amma kunya ta hana shi barci. Sai dai a faɗi gaskiya, kunyar mutanen ofis yake ji, ba ta 'yarsa ba. Da Atine ta ce masa, “Baban Ikhlas, ka je ka ba yarinyar nan haƙuri mana,” sai ya zaro ido.

“Haƙuri? Ni? Haka aka rene mu, ga mu nan ba mu lalace ba.”

Ya sayo mata ayis-kirim da sabon akwatin fenti, ya ɗauka magana ta mutu.

Ba ta mutu ba. Idan ya miƙa hannu zai ɗauki gishiri a kan tabarmar cin abinci, sai Ikhlas ta noƙe kai. Idan ya ɗaga hannu zai kunna fitila tana kusa, sai ta runtse ido. Ba rashin kunya take masa ba, tana gaishe shi, tana kawo masa ruwa, jikinta ne kawai ya daina yarda da shi. Wata ranar sallah, a gaban abokinsa Dokta Bello da iyalinsa, ya kai hannu zai gyara mata takunkumin korona, ta ɗaga hannu biyu ta kare fuska. Dokta Bello ya kau da kai ya hau yabon labulen falo. Ranar ce Usaini ya fara jin ɗaya kunyar, wadda ba ta buƙatar kyamara.

Da aka sassauta kulle, Atine ta sa yarinyar a ajin tekwando, wasan nan na mutanen Koriya na naushi da shuri, a wani zaure da ke saman kantin kayan miya a unguwarsu. Ta ce ko za ta motsa jini. Malamin wani Shamsudeen ne, ɗan Zangon Kumasi, siriri, wanda ya koyi abin tun yana yaro a hannun wani dattijo ɗan Koriya. Hausarsa irin ta Zango ce, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba, abin da ya riƙa ba Usaini dariya a ɓoye.

Usaini ke kai ta, ya zauna a bencin iyaye yana latsa waya. A hankali wayar ta koma aljihu. Yarinyar da ba a jin motsinta a gida, a nan sai ta kurma ihu har gilashin taga ya amsa. Yaran da suka fi ta tsawo suna kawo mata naushi, tana karewa ido buɗe. Watau dai duk Doha hannu ɗaya take tsoro, kuma ga shi nan ajiye a kan gwiwarsa.

Wata Asabar Shamsudeen ya ce iyaye su shigo su riƙe wa yaransu matashin shuri. Usaini ya cire takalmi ya shiga, ya ɗaga matashin sama kamar yadda aka nuna. Ikhlas ta noƙe. Ta tsaya tana kallon yatsun ƙafarta har aka busa usur, ba ta yi shuri ko ɗaya ba.

Bayan an tashi, malamin ya tare shi a bakin matakala.

“Maigida, yarinyan ka ya iya ƙwarai. Ba ya tsoron kowa a nan.”

Usaini ya rasa inda zai sa idonsa.

“Akwai ajin manya bayan la'asar,” in ji Shamsudeen. “Akwai riga babba, zai shige ka. Yalla, ka zo ka gwada.”

Malamin bai tambaye shi komai ba, kuma rashin tambayar ya fi tambayar zafi.

Haka magidanci mai furfura a gemu ya wayi gari cikin farar riga da farar ɗamara wadda da ƙyar ta zagaye tumbinsa. A zauren nan ba a tambayar shekaru ko digiri, launin ɗamara ke jera mutane, don haka Injiniya ya samu kansa a sahun ƙarshe, kusa da takalma. Ranar farko wandonsa ya yage wurin ɗaga ƙafa. Ya sa Atine ta rantse ba za ta gaya wa matan 'yan Najeriya ba, ita kuwa ta yi dariya har da hawaye tana ɗinke shi. Akwai kuma ɗan rusunawar da ƙarami ke fara yi wa babba kafin su kara. Wannan bai dame shi ba tukuna, don bai wuce yadda ake gaida surukai ba.

Naushi kam ba sai an koya masa ba, ya zo da abinsa daga Gusau. Abin da ya gagare shi wani ne daban. Shamsudeen kan rataye fallen tsohuwar jarida da zare, ya ce a kai mata naushi da iya ƙarfi, amma a tsayar da hannu dab da ita, iskar naushin kaɗai ta kaɗa ta. Wasu sun iya cikin mako biyu. Usaini kuwa ko dai ya yi lako-lako kamar mai miƙa goro, ko ya fasa jaridar. Ya yayyaga jaridun da suka isa kunna gawayin mai tsire na shekara.

“Bugu ba wuya,” in ji malamin. “Jaki ma yana bugu. Tsayawan ne aiki.”

Usaini ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya riƙa zuwa da wuri, ya rataye jaridarsa a lungu tun ajin yara bai tashi ba, ya yi ta fama, yana juya wa yaran baya don kada ya haɗa ido da 'yarsa. Rani ya zo ya wuce. Tumbin ya ɗan sace, ɗamara ta koma rawaya, daga baya koriya. A gida ya lura idan ƙaramin ɗansu ya zubar da abu, yana jin zafin ya taso daga kafaɗa, yana kuma iya barinsa a nan. Jaridar ma ta fara tsira. Amma Ikhlas ba ta daina noƙewa ba, shi kuma bakinsa ya kasa furta abin da Atine ta roƙe shi tun farko.

Aka shiga gasar cin kofin duniya, gari ya cika ya batse. An rufe makarantu, iyalai da yawa sun yi tafiya, ɗalibai suka ragu, sai Shamsudeen ya haɗe yara da manya a jarrabawar ɗamara guda. Ranar ta faɗo washegarin da Ghana ta ci Koriya ta Kudu. Malamin ya zo murya a dishe, ya ce jiya bai san ko murna zai yi ba ko ya je ya ba tsohon malaminsa haƙuri.

A jarrabawar akwai karawa ta mutum biyu. Ɗaya ya tako ya kai naushi saitin fuska ya tsayar, ɗayan ya kare ya rama. Shamsudeen ya fara kiran sunaye, ya haɗa kowa da kowa, har aka rage mutum biyu. Ko da gangan ya yi, ko lissafi ne ya zo da haka, har yau bai faɗa ba.

Ikhlas na da shuɗiyar ɗamara, tana gaba da ubanta. Shi ne ƙarami, shi zai fara rusunawa, shi kuma zai kai naushi. Atine na kan benci ta haɗe hannuwa a ƙirji. Usaini ya tsaya gaban 'yar da ya haifa, ya haɗe ƙafa, ya sunkuyar da kai. Da Malam Iliasu zai leƙo ya gani, da ya ce ɗansa ya haukace a ƙasar Larabawa.

Ta yi ihun da ke nuna ta shirya. Ya tako, ya miƙa hannu a sanyaye, ya tsayar da shi can nesa, inda ko sauro ba zai firgita ba. Tsoro yake ji, tsoron ya ga ta noƙe a gaban mutane, da tsoron kansa.

Ikhlas ba ta kare ba. Ta dubi hannun, ta dube shi.

“Baba, ba haka ba ne,” ta faɗa a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. “Ka kawo shi da gaske. Ai ka iya tsayar da shi yanzu. Ina ganin ka da jaridar.”

Ashe duk watannin nan da yake juya mata baya, kallon sa take yi. Ashe ta san abin da ya kawo ƙato kamarsa sahun ƙarshe. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta zauna tana lura da hannun ubanta, tana jiran ranar da zai zama abin yarda. Kunyar da ta rufe shi a lokacin ta fi ta kyamara, ta fi ta ranar sallah.

Ya koma baya ya gyara tsayuwa. Ta sake yin ihu. Ya tako da dukkan nauyinsa, hannun rigar ya yi ƙara, naushin ya tafi da saurin nan na gado, ya tsaya cak dab da hancinta. Iskar ta motsa gefen ɗankwalinta.

Ba ta kare ba, ba ta kuma ƙifta ba. Ta bar hannun ya iso, ta tsaya tana kallon sa na ɗan lokaci, sannan ta buge shi gefe da damtsenta ta kai nata naushin saitin ƙirjinsa.

“Ikhlas, ka yi latti!” Shamsudeen ya daka tsawa da disasshiyar muryarsa. “In a titi ne da hancin ka ya fashe!”

“Na sani, Malam,” in ji ta.

Aka ce su rusuna wa juna a rufe. Usaini ya sunkuya fiye da yadda doka ta ce, ya kuma daɗe bai ɗago ba, don idanunsa sun cika. Yana nan a sunkuye ya buɗe baki, sunan ya fito masa da nauyi kamar ba shi ya raɗa shi ba.

“Ikhlas. Ki yafe mini marin nan.”

Sai ta matso, ta kama hannun nasa na dama, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, don har lokacin a dunƙule yake.