Ranar da Na Sa Tsohon Makaɗi a Ƙarshen Jeri

Shekarun baya kaɗan, da kaka, na yi wani abu da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Wasunku sun sha tambayata dalilin da ya sa nake rubuta layin farko na kowane jerin wasa da hannuna, alhali ga na'ura. To yau za ni faɗa muku.

Ga wanda bai san ni ba, aikina shirya wasa ne. Muna da ƙungiyar raya al'adu a Isa, da ɗan dandalinmu mai rumfar kwano, kuma duk shekara in an gama ɗaurin gero muna yin wasan kaka. Ni ke zaɓen waɗanda za su yi wasa, ni ke bin su ƙauye ƙauye har Sabon Birni da Gangara, ni ke cewa wane ya biyo bayan wane. Na fi shekara ashirin a kan haka. Yawancin shekarun nan a kaina nake riƙe jerin, don ko baƙi ɗaya ban sani ba. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, ina riƙe da fensir kamar mai riƙon muciya. Na iya kuwa. Sai dai tun da na iya, na ɗauki rubutacciyar takarda da girman da ban taɓa ba wani mahaluki ba.

A shekarar munka yi sabon sakatare. Magidanci ne, ya yi karatu mai zurfi a Sakkwato, ga ladabi, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Inna. Wata ranar Laraba muna zaman kwamiti, na buɗe littafina ina ƙoƙarin karanta musu sunayen da na tattaro, sai ya ce, “Inna, ki huta da wahalar ga. Akwai abin da ka yin aikin ga cikin ƙiftawar ido.” Ya ciro waya ya nuna mana ƙirƙirarriyar basirar nan da ake ce wa AI.

Na ce, “To, mu ga ƙiftawar idon.”

Na riƙa faɗa yana shigarwa. Mata masu kiɗan ƙwarya. 'Yan duma. Ɗan kama mai ba da dariya. Makaɗan dambe. Wani saurayin mawaƙi mai fiyano da 'yan mata ke so. Sai wani tsoho mai gangar noma daga wajen Kamarawa. Sakatare ya tambaye ni yadda zai bayyana tsohon, na ce ya rubuta shi ne babbansu duka, babu makaɗin da ba ya durƙusa mishi. Ya rubuta hakan daidai, ban ƙara komai ba.

Wallahi kafin in gyara zama abin ya fito. Jeri tsaf, kowa da mintocinsa, har da lokacin sallar azahar an ware. Ni da nake kwana uku ina juya wannan a kaina. Na karɓi wayar na bi da yatsa, ina karantawa a hankali yadda na saba. Mata masu ƙwarya a farko. Tsoho a ƙarshe. Har da bayani a ƙasa, wai babban mai wasa shi ake ajiyewa ya rufe taro, don mutane su zauna jiransa.

Na gani. Ina son ku ji wannan da kyau, na gani da idona, kuma na san kuskure ne. A wajenmu babba ba ya rufe taro, buɗe fili yake yi. Kafin kowa ya taɓa fatar ganga, makaɗin da ya fi kowa shekaru zai tsaya tsakiyar fili ya buga, ya kira sunayen makaɗan da sunka riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu addu'a, ya nemi gafarar manya, sannan ya ce fili ya buɗu. In bai yi ba, babu wanda zai yi kiɗa. Tun ina goye a bayan mahaifiyata nake ganin haka. Ban da wannan ma, yadda hanyoyinmu sunka zama, ana yin la'asar mutanen ƙauye ke kama hanya. Wanda anka sa ƙarshe kujeru zai yi wa kiɗa.

Amma sai 'yan kwamiti sunka fara yabo. Wannan ya ce ai haka ake yi a manyan birane. Wancan ya ce ka ji aikin ilimi. Ni kuwa, ni da direbobin tasha ke sauya hanya in sun hango ni, ni da na taɓa tayar da wani mai kuɗi daga kujerar da ba tasa ba a gaban jama'a, sai bakina ya mutu. Tsoro nake ji a ce 'yar yaƙi da jahilci tana gardama da kwamfuta. Har na fara gaya wa kaina wataƙila mu ne ba mu waye ba. Anka buga takardar, anka miƙo mini, na sa hannu a ƙasa da kyakkyawan sa hannuna da na yi wata biyu ina koyo.

Ranar wasa anka manna takardar a jikin itacen dogon yaro da ke bakin dandali. Da hantsi tsohon ya iso a bayan babur, rungume da gangarsa. Bai iya karatun boko ba, shugaban 'yan duma ne ya karanta masa. Ina hango su daga nesa, na yi kamar ina gyara kujeru. Tsohon ya samu gindin itacen ya zauna, ya kife gangar, ya cire mayafinsa ya lulluɓe ta.

Fili ya cika, manyan baƙi sun zauna. Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya kira mata masu ƙwarya. Shiru. Ya sake kira. Na ruga wajensu, na tarar ƙorensu na kife cikin ruwa, su kuma sun naɗe hannu. Shugabarsu ƙawata ce tun muna 'yan mata, tare munka yi tallar fura.

Na ce, “Ke, ana kiranku, ku tashi mana.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Mu tashi mu yi mi? Hili ya buɗu ne? Ko boko ya cinye miki ƙwaƙwalwa?”

“Don Allah ki rufa mini asiri.”

“Ni in rufa miki asiri in tone nawa? Tahi can ki ba tsoho haƙuri, uwar 'yan karatu.”

Mai gabatarwa ya tsallake su ya kira 'yan duma. Shugabansu ya ɗaga hannu daga zaune ya girgiza kai. Anka kira ɗan kama, mutumin da ko a gidan makoki sai ya sa an murmusa, ya ce yau cikinsa ke ciwo. Sakatare ya ce a kira mai fiyano, ai shi ɗan zamani ne, ba ruwansa da wannan. Saurayin ya sunkuya yana taɓa wayoyi, ya ce janareto ya ƙi tashi. Alhali ga janareton nan yana ruri, shi ke ba lasifikar wuta. Ashe mahaifinsa ɗan amshin tsohon ne shekara da shekaru.

Jama'a sunka fara guna-guni. Sakatare ya zo gumi na zuba, yana latsa waya, ya ce, “Inna, bari in tambaye ta yadda za a yi.”

Na ce, “Ɗana, sa ta aljihu. Wanga ba nata ba ne.”

Tsakanin rumfa da gindin itacen nan bai fi taku talatin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Na cire takalmi na durƙusa. Na ce, “Baba, ina kwana.”

Ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi yara da jikoki, kamar ba abin da ya faru. Sannan ya nuna takardar da haɓarsa ya ce, “Wa yar rubuta wagga?”

Na ce, “Na'ura ce, Baba. Ta cikin waya.”

“Na'urar ta san ni?”

“A'a.”

“Ta taɓa zuwa Kamarawa?”

“A'a, Baba.”

“To ba ta yi mini laihi ba. An ce akwai hannun mutum a ƙasan takardar. Na wa ne?”

Da na so, da na jawo kwamiti na jawo sakatare, kuma ba ƙarya zan yi ba. Amma duk cikinsu babu wanda ya san abin da na sani. Na ce, “Nawa ne.”

Ya ce, “Ke da uwarki ka goyo ki zo kallona.” Ya ɗan taɓa gangar ta saman mayafi. “Ni ban damu da kaina ba, ɗiyata. Ko ba a kira ni ba gero na nan gida, za ni ci tuwo. Amma mutanen da nika kira, su kika kai ƙarshe. Sai kowa ya watse sannan a ambace su? Wa za ya ce amin?”

A nan hawaye ya zubo mini, ni da ko ranar da anka kai ni ɗaki ban yi kuka ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma a gaban jama'a anka manna takardar, don haka a gaban jama'a za a cire ta.

Na tashi na ɓalle takardar, na je na karɓi lasifika a hannun mai gabatarwa. Na ce, “Jama'a, ku yi haƙuri da jinkiri. Ba makaɗa ne sunka ƙi kiɗa ba, ni ce na yi wauta. Na san wanda ka buɗe hili, na bari anka sa shi ƙarshe don kar a ce ban waye ba. To ban waye ba ɗin. Baba, bisimilla.” Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan fili, ban sani ba ko yabo ne ko tsiya. Ƙawata ta ce duka biyun ne.

Ya yaye mayafin, ya rataya gangar, ya tako tsakiyar fili a hankali. Bugu uku ya yi, wurin ya yi tsit. Sai ya fara kira. Wane na Gangara, Allah ya jiƙan shi. Wane da ya koya wa wane. Wance zabiya ta bakin gulbi. Kowane suna sai wani sashe na fili ya amsa da amin mai ƙarfi, don jikokinsu na nan zaune. Na sha jin wannan kira, amma ban taɓa saurarensa ba sai ranar. Da ya ce fili ya buɗu, kafin ya rufe baki ƙoren mata sun ɗauka. Cikin ɗan kama ya warke. Janareto ma ya samu lafiya.

Bayan kwana biyu sakatare ya zo gidana, ya zauna bakin tabarma kansa a ƙasa. Ya ce ya gaya wa na'urar abin da ya faru da yadda al'adarmu take, nan take ta ba da haƙuri ta sake jeri, ta sa tsoho a farko. Na yi dariya har da riƙe ciki. Haƙurin da ya sa ni cire takalmi da zubar da hawaye, ita ta bayar ba ko gumi. Na ce masa ba laifinsa ba ne, kuma ba na wayarsa ba ne. Abin da anka gaya mata ta yi aiki da shi. Wadda ta san sauran ta yi gum.

Yanzu ni ma ina amfani da ita, kar ku ɗauka gaba nake yi da ita. Ita ke rubuta mana wasiƙun gayyata, ita ke raba mintoci, kuma ta fi ni iya wannan nesa ba kusa ba. Ina kuma ganin abin da take yi wa sana'ar. Masu biki sun fara sa ta ta haɗa musu waƙa da sunan amarya, a kunna a lasifika, makaɗi na zaune gida. An taɓa tambaya a kwamiti, ina zaune, ko har yanzu ana buƙatar mai shirya wasa. Ban san yadda abin zai ƙare ba, kuma ba za ni yi muku ƙaryar na sani ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne abin da na gani a kaina: mutum ya san gaskiyar abu, ya ga an buga shi da kyau a takarda ba daidai ba, ya haɗiye saninsa don kunya.

Da rani na hau mota na je ƙauyen tsohon da littafina. Kwana biyu na yi, yana kiran sunayen ina rubutawa da wannan hannun nawa mai jinkiri, yana yi mini dariya wai kaza ta fi ni sauri. Ya faɗa mini garin kowa da wanda ya koya masa kiɗa. Babu inda anka taɓa rubuta su. Da damina ta faɗi ya kwanta ciwo, bai ga kakar ba.

A wasan shekarar shugaban 'yan duma ne ya zama babba. Da safe ya zo ya ce in karanta masa littafin sau biyu, kar ya tsallake kowa. Ya tsaya tsakiyar fili ya kira su duka, tun daga na Gangara. Da ya kai ƙarshen abin da na rubuta sai ya dakata, ya ƙara suna ɗaya da babu a takardar. Filin ya amsa da amin da ban taɓa jin irinta ba. Na ciro biro daga ɗaurin zanina, na buɗe shafin ƙarshe, na rubuta shi a ƙasan sauran.