Ranar da Mai Hoto Ya Hau Tsauni

Ithungu ba ta taɓa sa waragi, giyar ayaba, a bakinta ba, ko ɗigo. Wanda bai san ta ba sai ya ce tsoron Allah ne, tunda ba ta fashin coci. Ina! Ƙyama ce tsagwaronta. Tun tana 'yar shekara bakwai take taka ayabar da ake yin giyar da ita, ta san abin da ke ciki.

Ubanta, tsoho Mbusa, shi ke da matatar da ke can cikin kwari, bayan gonakin kofi, inda rafi ke gangarowa daga tsaunin Rwenzori da sanyin da ke sa haƙori ciwo. 'Yan sanda ba sa son hawa har can, in ma sun hau, jarka guda ta isa ta mantar da su abin da ya kawo su. Aikin 'yan mata shi ne taku. A binne ayaba a rami har ta yi luguf, a ɓare, a zuba a kwamin itace, a watsa ciyawa, a ce ku shiga. Ba mai tambaya ko kin wanke ƙafa. Mai kaushi, mai gyambo, duk a ciki. Ƙuda ya faɗa, ƙadangare ya faɗa, Mbusa ya ce wuta za ta gyara. Ruwan da aka tace a barbaɗa masa soyayyar dawa, a rufe shi ya yi tsami, sannan a juye a duro a hura wuta, tururi ya bi bututu ta cikin rafi ya fito ɗis-ɗis, fari tas. Har yau in ta tuna warin wurin sai ta tofar da yawu.

Mutum ɗaya ne ya sa take jure kwarin nan, yayanta Thembo. In an tashi aiki shi ke kai ta bakin rafi ya cire mata tsinken ciyawa daga tsakanin yatsu, yana tsokanarta wai ƙafarta ce ke sa giyar Baba ɗaci. Shi ne kuma mai ɗanɗano, harshensa ke faɗin ko a ƙara wuta ko a rage.

Tana da shekara goma sha biyu wani mai hoto daga garin Kasese ya fara bin ƙauyukan tsauni da akwatinsa. Mbusa ya ji, ya ce lallai sai an ɗauke shi a bakin aikinsa. Mutumin da ke ɓoye wa hukuma, shi ne ke son hoto! To, da ya dubi tsohon duronsa, baƙi ƙirin duk lotsawa, sai kunya ta kama shi. Ya sauka gangare wajen masu auduga ya sayo sabo, shuɗi, yana sheƙi.

Kowa a kwarin nan ya san ƙa'idar sabon duro. Sau uku ake tafasa shi da ruwan toka, abin da ya fara fitowa kuma a zubar a ƙasa. Thembo ya leƙa ciki ya ja da baya.

“Baba, duron nan warin maganin feshin auduga yake.”

“Na ɗauraye.”

“A bari mu tafasa shi tukuna, mai hoton ya dawo jibi.”

“Rufe mini baki! Da wancan baƙin za a ɗauke ni, kamar mai toya gawayi?”

Mai hoto kuwa sai kallon sama yake, hadari ya haɗo, yana so ya sauka kafin hanya ta yi santsi. Aka juye tsimi a sabon duro, aka hura wuta. Da ɗigon farko ya fito ba wanda ya zubar. Aka tara a kofuna huɗu, ɗaya na Thembo, uku na maƙwabtan da suka zo kallo. Mbusa bai riƙe kofi ba, ya dafa duronsa ne yana banƙaro ƙirji.

“Ku sha mana, ku yi dariya,” in ji mai hoto. “Ba jana'iza na zo ɗauka ba.”

Suka sha, suka yi dariya, ya ɗauka.

Kafin rana ta faɗi gumi ya rufe Thembo, yawu na dalala, jikinsa na karkarwa. Aka ɗaure shi a kan ƙyauren ɗaki, maza huɗu suka kama hanyar gangare cikin ruwan sama, Ithungu na biye da su da gudu. Bai kai titi ba. Washegari ɗaya daga cikin maƙwabtan ya bi shi, biyu suka sha da ƙyar. Mbusa ya mirgina duron cikin rami, ya shaida wa gari cewa maƙiya ne suka yi masa asiri. Bayan mako biyu hotuna suka iso. Kun san abin da Mbusa ya yi? Ya kafa ƙusa ya rataye su a ɗakinsa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Tir! Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yi yana tatsar waragi kafin ya mutu.

Ranar da aka binne shi Ithungu ta sauke hotunan ta kulle a akwatin ƙarfe. Ta so ta ƙona su, hannunta ya ƙi, don duk duniya ba inda fuskar Thembo ta saura sai nan. Ta auri wani kafinta, ta haifi shida, ta binne mijin. Kasuwar Laraba take zama da garin rogo da tumatir da ayaba. In ta gane mai yin giya ne ke taya ayabarta sai ta ce an saya, ko da kuwa za ta ruɓe a gabanta. Mutane na cewa tsohuwar nan bakinta ba daɗi, kuma ba su yi ƙarya ba.

Bara ne Nzanzu ya hau tsauni da mota. Ɗan Thembo ne, wata huɗu bayan rasuwar uban aka haife shi, yanzu ya zama babban mutum a Kasese, da tumbi da waya biyu. Ya kawo mata sukari da atamfa, ya ce hoton babansa ya zo gani. Ta ji daɗi ƙwarai, ta buɗe akwati.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi murmushi.

“Gwaggo, na buɗe kamfanin waragi. Da lasisi, ba irin na daji ba. Wannan zan sa a jikin kwalba. Mutane na son kayan gado.”

Ta zauna. Abin da ta riƙe a ciki shekara hamsin ta zazzage masa, duron, warin, ƙyauren ɗakin, komai.

“Kofin nan da kake gani a hannunsa, shi ya kashe ubanka. Yana dariyar nan ya riga ya haɗiye.”

Nzanzu ya sosa ƙeya.

“Allah sarki. Amma Gwaggo, wa ya sani in ba ke ba?”

“Tashi ka fitar mini daga gida, kai da sukarinka.”

Ta mayar da hotunan ta datse kwaɗo, tana ganin ta tsare ɗan'uwanta. Ashe tun sanda ta shiga madafa ɗora masa shayi ya riga ya ɗauka da waya.

Wata uku aka yi, 'yan ƙananan robobin waragin Nzanzu suka cika shaguna, da hoton a jikinsu. An yanke Mbusa, an yanke maƙwabta, sai Thembo shi kaɗai da kofinsa. Ta fara ganin shi ne a kwatar bayan mahauta, fuska sama, cikin jini da kashin awaki. Ta sa hannu ta tsamo. Gaba kaɗan ga wani an take shi a taɓo, ga wani inda maza ke fitsari. Tun daga ranar take zuwa kasuwa da buhu biyu, ɗaya na gari, ɗaya na robobi. Wasu na cewa ta zauce, wasu na cewa ashe tsohuwar ma tana taɓawa.

Larabar da ta wuce da hantsi, wani mashayi na zaune a gindin mangwaro, ya ga ta tsaya a kansa. Ya ɗaga mata robar.

“Mama, kin ga mutumin nan? Wannan ya san daɗin duniya! Dubi dariya.”

“Shekararsa ashirin da biyu,” ta ce.

“Oho. Robar kike so? Bari in shanye.”

Numfashinsa na bugun hancinta. Amma ta san in ta matsa, a kwata zai jefa. Sai ta ajiye buhunta, ta tsaya tana jira ya gama.