Kowacce Ta Ce Labarinta Ne

Jiya muna gidan Dakta Rabi a unguwar Harlem, nan ƙasar Turawa, mu huɗu malaman jami'a baƙar fata, muna duba hirarrakin bincikenmu kan wariyar da ake nuna mana. Duk an cire sunaye.

Na karanto ɗaya: malama ta kawo shawara a taro aka share ta, Bature ya maimaita aka tafa masa.

Rabi ta ce, "Haba Hadiza, ai na ce kar a sa nawa."

Sauran biyun ma kowacce ta rantse nata ne.

Na duba jerin sunayen da muka ajiye daban. Ashe na wata dattijuwa ne da ta yi ritaya tun muna firamare.

Mun fara aikin nan don mu samu sauƙi. Jiya dai har shayi ya huce ba mu samu ba.

Ku da kuka daɗe a nan, wai me ya canza?