Mijin Kakata Ba Shi da Suna

A ƙauyenmu na bakin kogi, can Sudan, da an idar da magariba Kaka Dije za ta tura ƙirare a murhu, mu jikoki mu zagaye ta. Ni nake zama kusa, ba don son labari ba, don gyaɗar da take gasawa a toka. Ita ce makarantata, shi ya sa har yau in na sa hannu a takarda sai a ce kaza ta bi ta wurin.

Akwai tatsuniyar da ba ta yi mata "ga ta nan". Sai dai ta gyara zama ta ce, "Wannan ba ta Gizo ba ce, ku yi shiru." Wai wani jan mutum ne, Bajamushe, ya fito daga jirgin ruwa a Garwa, daga garin da ruwa ke zama dutse don sanyi. Ya ga mai sayar da fura, ya yi ta saye har cikinsa ya ɓaci, ya aure ta. Ana nan gangar yaƙi ta kira shi. Ya bar ta da goyo, ita kuma ta bi ayarin alhazai gabas, guzuri ya ƙare mata a Sudan.

Duk mun san ita ce mai furar, jan kunnen babanmu ya isa shaida. Na taɓa tsokanarta, "Amarya, tunda yanzu ni ne maigidan, faɗa min sunan wanda na gada."

"Ja can, mijin banza mai satar gyaɗa! Mace ta kama sunan mijinta? Shi dai. Sunansa Shi."

Muka yi ta dariya.

Yau ga ni a Alƙahira, yaƙi ya koro mu, mu bakwai a ɗaki ɗaya a unguwar Ard al-Liwa. Gaba ba biza, baya ba gida. 'Yata Hauwa ta ji wai jikan Bajamushe na iya samun hanya, ta ja ni ƙaramin ofishin jakadancinsu, na sa babbar rigata ta aro. Ma'aikaciyar ta yi mana kirki. Ta ce a ƙasarsu kowane gari shi ke riƙe da rajistar haihuwar mutanensa, in mun kawo suna da gari za a rubuta a tambaya.

"Sunansa, ya Hajj?"

Na ce, "Shi."

"Garin fa?"

"Inda ruwa ke daskarewa."

Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, duk ƙasar haka take."

A mota Hauwa ta yi ta faɗa. "Baba, kunyar me? Kaka Dije ta rufe mu da kunyarta, khalas, shi ke nan!" Tsohuwar nan ta rasa mutum, ta rasa gari, girmama sunan nan kaɗai ya rage mata na aure, ta riƙe shi har kabari. Ban iya jin haushinta ba. Ban kuma iya cewa Hauwa ta yi ƙarya ba.

Da yamma na tara jikokina gaban risho, na sa su maimaita sunana da na babana da na ƙauyenmu. Ƙaramar ta ce, "Kaka mai rasuwa fa?"

Matata take nufi. Tun da na aure ta ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" ce ko "uwar Hauwa".

"Rakiya," na ce. "Ku sake faɗa, da ƙarfi."