Hannun da na kama a Ƙofar Taramniya

Wautar da na yi ba ta fi ƙwayar gero ba: na saki hannun ƙanena don in kalli wani bajimin sa.

Washegarin Babbar Sallah ne. Inna ta ce in kai shi ya gaida kaka a Ƙofar Taramniya, ta ja mini kunne har ya kusa kai na jaki tsawo. Shekararsa huɗu, an ɗinka masa koren yadi, ga farar hula. Muna dawowa wani bajimi ya ƙwace wa mahauta, layi ya hargitse. Ni kuwa don kallo aka halicce ni. Da aka kama san, na waiga, na ga kore, na ga farar hula, na cafki hannu muka nufi gidanmu a Tudun Wada.

Rana ta take, irin wadda ko kaji ba sa fita. Layuka shiru. Ƙanena surutu gare shi kamar rediyon mai shayi, amma a wannan tafiya ko tari bai yi ba. Hannunsa sanyi ƙalau cikin zafin Sakkwato. Na tsokane shi da cewa kaka ta fi sona, bai tanka ba. Sai na tuna da waɗanda ake cewa suna fita tsakar rana da siffar mutane. Na ƙara sauri, na ƙi duban ƙasa don kada in ga kofato.

A zaure Inna ta tare mu. Ta dubi yaron, ta dube ni.

"Kai, ɗan wa na wanga? Ina ƙanenka?"

Na duba. Yaro ne da ban taɓa gani ba, mai manyan idanu, yana kallona ba ƙiftawa.

Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne, da an ba ni Alƙur'ani da na rantse fuskar ƙanena na gani. Na rufe ido na nemo lokacin da na waiga. Ga kore, ga hula, amma wurin fuskar fayau, kamar allon da aka wanke. Malaminmu na kimiyya ya taɓa cewa abin da ido ya gani yanzun nan, ƙwaƙwalwa tana riƙe shi ne a wani ɗan wuri da ba ya cin fiye da abu uku ko huɗu, sauran ta zubar, ta cike gurbin da abin da kake tsammani. Nawa wurin ƙaho ya cika shi, da igiya, da mahaucin da ya faɗa kwata. Kalar riga da hula kaɗai suka sami shiga.

Inna ba kimiyya take nema ba. Ta fizgi mayafi, ko takalmi babu. Baba ya biyo mu yana tambayata gaban wane shago na sake shi. Ban sani ba. Duk ƙofofin sun zama iri ɗaya. Baƙon yaron kuwa yana tsakaninmu, ya ƙi sakin yatsana.

Mun tarar da ƙanena yana barci a kan bencin wani mai gyaran babur, mahaifiyar ɗayan tana gefe muryarta ta dushe da kira. Baba ya ba ta haƙuri, ta ɗauki ɗanta. Ni ban sake leƙa waje ba har Sallah ta wuce.